Matan Hak'tyl a Stargate SG-1: wai Neith ce mai laifi?

Ungozomar Dare ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Na daɗe ina leƙowa ina karanta hirarku ban taɓa sa baki ba. Yau dai abin ya ci ni, sai na yi magana.

Ƙanena ne ya zuba min shirin talabijin ɗin nan Stargate SG-1 a kwamfuta, zango goma cif, wai in riƙa rage dare idan ina aikin kwana kuma ɗakin haihuwa ya yi shiru. Wata bakwai ke nan ina bi a hankali. Wani daren in kalli kashi ɗaya, wani daren ko minti goma ba na samu za a ƙwanƙwasa ƙofa. Shekaranjiya na kai kashi na 10 a zango na 7, wanda suka sa wa suna Birthright. Wanda bai kai nan ba ya tsallake, don zan fasa ƙwai.

Kun san labarin. Wani azzalumin Goa'uld (halittu masu kama da tsutsa da ke shiga jikin mutum su mallake shi, suna da'awar allantaka) mai suna Moloc ya ba da doka tun shekara 30 da suka wuce cewa 'ya'ya maza kaɗai yake so domin rundunarsa, duk jaririya mace a jefa ta wuta da sunan ibada. Ishta ce babbar mai hidimar ɗakin bautarsa. Maimakon ta ƙone yaran sai ta riƙa sace su a ɓoye tana tsallakar da su ta ƙofar taurari zuwa wata duniya da suke kira Hak'tyl. A can suka girma, suka koyi faɗa, suka zama runduna ta mata zalla. Matsalar ita ce duk ɗan Jaffa, wato jinsinsu da ke yi wa Goa'uld bauta da aikin soja, idan ya balaga garkuwar jikinsa ba ta iya riƙe shi, sai an sa masa tsutsar Goa'uld a aljihun cikinsa. Su kuma ba su da inda za su samu tsutsa. Don haka suke yi wa sojojin Jaffa kwanton ɓauna, su kashe, su zaro tsutsar daga cikin gawa su kawo wa yarinyar da lokacinta ya yi.

Abin da ya fara kama ni ba faɗan ba ne. Inda Ishta ta ce cikin aikinta har da riƙe lissafin haihuwa, nan na tsayar da hoton. Littafin haihuwarmu yana kan tebur a gabana a lokacin, biro a tsakiyarsa. Kwanan wata, ƙarfe nawa, nauyi, sai layin da ake rubuta mace ko namiji. Dubbai na rubuta a wannan layin ban taɓa jin nauyinsa ba. Na zauna ina tunanin matar da harafi ɗaya daga hannunta shi ne hukuncin wuta, kuma ta yi shekara da shekaru tana yi wa littafin ƙarya. Na fi minti biyar ban danna ci gaba ba.

To ga tambayata. Su O'Neill, tawagar da ta zo daga duniyarmu, suka zo da wani magani, tiretonin, suka ce idan an sha shi ba a buƙatar tsutsa. Neith, mataimakiyar Ishta, ta ƙi. Shirin ya nuna ta a matsayin mai taurin kai, mai zafin zuciya, wadda ke hana ruwa gudu. Amma ku duba abin da ya faru. Mata biyar suka ba da kansu aka tafi da su sansanin da ke ƙarƙashin dutse a Kolorado, aka cire musu tsutsa, aka sa su a kan maganin. Huɗu suka tashi, Mala ta mutu. Ɗaya cikin biyar! Wallahi da a ce wani magani ne aka kawo mana ya kashe mace ɗaya cikin biyar na farko, da ba a sake buɗe kwalinsa ba sai an yi zama an yi bincike. Amma a nan kafin kashin ya ƙare an ba ƙaramar yarinya, Nesa, an ba Neith ɗin kanta tana kwance rai a hannun Allah, Ishta da Teal'c, ɗan Jaffan da ke cikin tawagar O'Neill, sun yi sallama ta masoya a bakin ƙofa, an tashi lafiya.

Sannan maganin nan ba su ke haɗa shi ba. Da suna dogaro da tsutsa, yanzu suna dogaro da baƙin da suka haɗu da su jiya. Ni gani nake tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Shin ni kaɗai ce nake ganin Neith ta fi kowa gaskiya a cikin kashin nan? Kuma me ya sa Teal'c ya zafafa haka a kan matan, shi da hannunsa ya fi na kowa jini?

Dogon Zango ya rubuta:

Wa alaikumus salam Anti, barka da fitowa fili. Tambayar nan ta yi min daɗi, don yawancin masu maganar wannan kashin ba sa wuce kayan fata da matan suka sa.

Bari in fara da Teal'c, don a nan nake ganin kin ɗan yi masa rashin adalci. Ki koma farkon zango na 6, kashin Redemption. Matarsa Drey'auc ta mutu a sansanin 'yan tawaye saboda tsutsarta ta girma ta isa fita, kuma ta ƙi yarda a kashe wani ɗan Jaffa domin a samo mata sabuwa. Teal'c bai ma riske ta da rai ba. Wato ainihin abin da matan Hak'tyl suka mayar sana'a, shi ne abin da uwar ɗansa ta gwammace ta mutu da ta yi. Yanzu ki sa kanki a matsayinsa, kina tsaye kina kallon ana zura hannu a cikin gawa ana zaro tsutsa. Ba wa'azi yake musu ba. Idan abin da suke yi daidai ne, to matarsa ta mutu a banza, kuma ba zai iya haɗiye wannan ba.

Na biyu, waɗanda suke kashewa ba Goa'uld ba ne, bayi ne irinsu. A cikinsu akwai waɗanda zuciyarsu ta riga ta bar Moloc suna jiran ranar ficewa. Ai ma abin da ya kai su O'Neill wurin tun farko ke nan, sun je ganawa da wani ɗan Jaffa da ke son shiga tawaye. Duk wanda aka kashe don tsutsarsa, wataƙila gobe shi ne zai buɗe wa 'yan tawaye ƙofa. Teal'c da malaminsa Bra'tac sun shekara bakwai suna ƙoƙarin gamsar da Jaffa cewa su al'umma ɗaya ce. Ga wata runduna kuma tana farautar 'yan'uwanta kamar namun daji.

Amma in ba ki taki gaskiyar, Teal'c ɗin ma ba tsarkakakke ba ne a wannan babin. A zango na 1, kashin Bloodlines, ya koma Chulak don ya hana a sa wa ɗansa Rya'c tsutsa. Da ya tarar yaron na mutuwa da zazzaɓi, da hannunsa ya ciro tasa ya sa masa. Shi kuma ya rayu ne da wadda abokan tawagarsa Carter da Daniel suka sato daga ɗakin bauta. Bambancin kawai, ba a kashe mutum kafin a same ta ba. Da babu wannan tulun tsutsotsin a kusa fa? Shirin bai taɓa tilasta masa amsa wannan ba.

Wani abu da zai ƙara miki haske: Christopher Judge, wanda ya fito a Teal'c, shi ya rubuta wannan kashin da kansa. Shi ne kuma ya rubuta The Changeling a ƙarshen zango na 6, inda Teal'c ya rasa tsutsarsa bayan ya yi ta musayarta tsakaninsa da Bra'tac a filin da aka yi musu kisan gilla, har aka ɗora su biyun a kan tiretonin. A Orpheus kuma, kashi na 4 a zango na 7, mun ga yadda ya karaya yana ganin ƙarfinsa ya tafi tare da tsutsar. Saboda haka lokacin da ya tsaya gaban Ishta, ba tallan maganin wasu yake yi ba. Jikinsa ne shaidar. Shi ya sa sai da suka gwabza da sanda kafin ta saurare shi, tana son ta ji da ƙashinta ko mai shan maganin nan yana da sauran ƙarfi.

Game da Neith, ban ce shirin ya mayar da ita muguwa ba. An ba ta dalili mafi nauyi a kashin gaba ɗaya. 'Yan'uwanta mata biyu aka ƙone, ta uku kuma, Nesa, sai da ta kashe mahaifinsu kafin ta tsere da ita. Wadda ta biya wannan kuɗin ba za ta miƙa yarinyar ga gwajin baƙi don sun yi murmushi ba. Inda na rabu da ita shi ne, ta riga ta yanke wa Nesa hukunci ba tare da ta tambaye ta ba. Yarinyar da bakinta ta nuna ba ta son a kashe wani saboda ita.

Gajere Mai Gardama ya rubuta:

Ni dai tambayata ɗaya. Matan da ke ɓuya a daji, ana farautarsu, kullum cikin kwanton ɓauna, wa yake musu gyaran gashi? Kuma sulken da ya bar ciki a waje, alhali a cikin ne ran mutum yake, wane maƙeri ne ya ƙera shi? A kamo min shi.

Sannan duk duniyar da suka je sai ka ga itatuwa iri ɗaya. Dajin Bankuba na Kanada, inda ake ɗaukar shirin, ya sha wahala.

Mai Allura ta rubuta:

Gajere, Allah ya shirye ka. Amma maganar sulken gaskiya ce.

'Yar'uwa Ungozoma, zan amsa miki ɓangaren kare da biri, don ni a cikinsa nake rayuwa. Ina da shekara 14 aka gano ina da ciwon sukari, irin wanda jiki ya daina yin insulin gaba ɗaya. Yanzu ina da 33. Shekara 19 ke nan ba ranar da ta fito ta faɗi ban soka wa kaina allura ba. Ban san fuskar waɗanda ke haɗa maganin ba, ban taɓa taka ƙasar da ake yin sa ba. Idan jirgi ya makara, ko firji ya lalace, ko aka ce babu a kanti, ni ce zan kwana ina lissafin digo nawa ya rage a kwalba. Akwai lokacin da na yi kwana huɗu ina rage awo don ya kai ni, ba zan so maƙiyina ya ji yadda jikina ya yi ba. Don haka da Neith ta nuna tsoron dogaro da wasu, ban ji ta a matsayin mai taurin kai ba. Na san wannan tsoron, muna kwana ɗaki ɗaya da shi.

Amma duk da haka ban yarda kare da biri ba ne. Ki duba me tsutsar take. Ba magani ba ce, jaririn ubangidansu ce. Kowane ɗan Jaffa tukunyar renon azzalumin gobe ne. Yana ɗauke da ita tana girma a cikinsa, ranar da ta isa sai ta fita ta shiga kan wani bawan Allah ta mallake shi, shi kuma ya koma neman wata. Wato kowace yarinya da aka ceta a Hak'tyl ba sau ɗaya za a kashe mutum dominta ba. Bayan 'yan shekaru a sake, bayan wasu a sake, kuma mutanen nan suna haura shekara ɗari. Bra'tac da bakinsa ya ce shekararsa 133 tun a zango na 1. Ki lissafa gawa nawa ke bayan mace ɗaya kafin ta tsufa, sannan ki ninka da yawan jariran da Ishta ke ci gaba da kawowa. Ƙwarai kuwa ceto ne, amma ceto ne da ba zai iya ɗorewa ba. Ko Moloc bai gano su ba, lissafi zai gano su.

Kwalbar magani kuwa ana iya koyon haɗa ta. Ana iya ajiye ta, a raba, a yi ciniki a kanta, a yi faɗa da mai sayarwa, a nemi wani. Insulin ɗin nan da nake sokawa, a 1922 aka fara ba ɗan Adam a Toronto, wani yaro ɗan shekara 14, kuma allurar farko ba ta yi kyau ba sai da aka ƙara tace ta. Shekaru masu yawa daga jikin shanu da aladu ake ciro ta, sai a 1982 aka amince da wadda ake haɗawa ba tare da dabba ba. Dogaro iri iri ne. Akwai wanda ke da ƙofar fita ko da nesa take, akwai wanda an gina shi ne musamman don kada a fita. Goa'uld da gangan suka halitta Jaffa haka.

Inda na tsaya tare da ke ɗari bisa ɗari shi ne Mala. Sun yi gaggawar wuce mutuwarta. Ita ce ta fara yarda da baƙin, ita ta zauna da Carter ta buɗe mata zuciyarta, ita ta ba da jikinta, sai aka yi amfani da gawarta don a ɗaga hankalin masu kallo na minti biyar. Ni da na so a bar kyamara a kan fuskar Dakta Fraiser ta daɗe. Likitar da ta ce wa mutum gwada, ya gwada ya mutu, ba ta tashi ta ci gaba da aiki haka kawai.

Malam Na Bayan Aji ya rubuta:

Salamu alaikum. Ni malamin tarihi ne mai ritaya, jikokina suka jawo ni cikin wannan shirin, yanzu na fi su nacinsa. Ku ba ni dama in ɗan kauce hanya.

Sunan Moloc ba ƙirƙirarsa suka yi ba. A Attaura, Littafin Firistoci sura 18 da sura 20, an yi hani mai tsanani ga miƙa 'ya'ya ga Molek, kuma wasu littattafan sun ambaci wani wuri a kwarin Hinnom kusa da Urushalima inda ake ratsar da yara ta cikin wuta. Masana sun daɗe suna gardama a kai. A 1935 wani Bajamushe, Otto Eissfeldt, ya kawo hujjar cewa kalmar ba sunan gunki ba ce, sunan nau'in hadayar ne, bisa rubuce-rubucen da aka tono a yankin Kartaj, tsohon birni a Tunisiya ta yau. Marubutan shirin sun ɗauki fassarar da ta fi shahara, suka ƙara nasu: a tsoffin nassoshin ba a ware mata kaɗai ba.

Wannan ƙarin ne ya fi ba ni sha'awa. Fir'auna yana yanka maza yana barin mata saboda tsoron wanda zai taso ya karɓe mulki. Moloc ya juya abin, yana ƙone mata yana barin maza saboda kwaɗayin soja. Wanda ya tashi da ayar nan ta Suratut Takwir, inda za a tambayi jaririyar da aka binne da rai da wane laifi aka kashe ta, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. A cikin kashin ma an tambaya ta yaya al'umma za ta ɗore ba mata, aka amsa da cewa Jaffa na da tsawon rai, kafin abin ya cije shi yana sa ran ya gama cin yaƙinsa. Azzalumi yana cin irin shuka yana ganin ya ƙoshi.

Sai maganar mayaƙa mata. Girkawa sun yi ta ba da labarin Amazon. Hirodotus, a littafinsa na huɗu, ya ce su ne kakannin Sauromatawa, kuma wai budurwa a cikinsu ba ta aure sai ta kashe namiji daga abokan gaba. An daɗe ana ɗaukar wannan tatsuniya, sai da aka tono kaburbura a filayen kudancin Rasha da Yukiren aka tarar da mata an binne su da kibau da mashi, wasu da raunin yaƙi a ƙashinsu. Abin lura shi ne, a bakin Girkawa labarin kusan kullum yana ƙarewa ne da jarumi namiji ya zo ya rinjaye su, Hirakilis ko Tisiyus ko Akilis. Shirye-shiryen talabijin na Amurka sun gaji wannan tsarin: mata sun kafa nasu, baƙi maza sun sauka, kafin a tashi shugabar ta faɗa soyayya. Birthright bai kuɓuta gaba ɗaya ba, 'yata, kuma ina jin wannan ne yake miki ƙaiƙayi ko da ba ki faɗa ba. Sai dai idan kika gwada shi da Emancipation na zango na 1, inda aka sayar da Carter kamar akuya a cikin wata ƙabila da aka ce jikokin Mongol ne, za ki ga sun yi tafiya mai nisa cikin shekara shida. A nan aƙalla ba wanda ya zo ya koya wa matan cewa ana zaluntarsu. Sun riga kowa sani, su suka ceci su O'Neill ma a farkon kashin.

Ungozomar Dare ta rubuta:

Kai, ban zaci zan samu amsoshi haka ba. Na gode ƙwarai. Yanzu na sauko daga aiki, idona kamar an zuba yashi, amma ba zan kwanta ban amsa ba.

Dogon Zango, na manta da Drey'auc sam. Na kalli wannan kashin a daren da muka karɓi haihuwa shida, ina jin rabinsa a cikin gyangyaɗi ya wuce. Na janye rabin maganata a kan Teal'c. Rabi kawai. Don har yanzu ina ganin mutumin da ya yi shekaru yana babban kwamandan azzalumin Goa'uld Apophis, ya ƙone garuruwa da umarni, ya kamata muryarsa ta fi haka sanyi idan yana magana da matan da suka yi kisa don jarirai. Shi an ba shi dama ya tuba a hankali. Su an ba su minti arba'in da 'yan kai.

Mai Allura, ke kam kin ɗaure ni da jijiyata. Lissafin gawa nawa ke bayan mace ɗaya bai zo min ba ko kaɗan, ina kallon yarinya ɗaya ce a gabana kamar yadda na saba. Aikinmu haka yake sa mutum, wadda ke kan gado ita ce duniya. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sa kada ki sake ganin irin waɗancan kwana huɗun.

Amma bari in faɗi abin da ya rage min, don da na sake tunani ba maganin ne ya dame ni ba. Yadda aka karɓi amincewar Neith ne. Tana da ƙarfinta ta ce a'a. Ta ce a'a har ta ƙalubalanci Ishta faɗan shugabanci a kai. Sai da aka harbe ta, tsutsarta ta lalace, tana kwance ba ta da wata hanya, ƙanwarta na tsaye a kanta tana roƙo, sannan ta ce to. Na sha ganin irin wannan "to" ɗin. Mace ta ƙi tiyata tun tana iya zama, a yi ta lallashi ta ƙi, sai jini ya ɓalle, a miƙo takarda ta dangwala hannu. Mukan cece ta, kuma daidai muka yi, gobe ma haka zan yi. Amma ban taɓa komawa gida ina cewa na gamsar da ita ba. Ban gamsar da ita ba, zaɓinta ne ya ƙare. Marubucin ya kasa kayar da hujjar Neith da magana, sai ya sa aka harbe ta. Wannan ne ban yafe ba.

Baba Malam, ka karanta zuciyata. Sumbar ƙarshen nan ba ta da wurin zama. Jiya jiya aka rasa Mala.

Tambaya ta ƙarshe: matan nan suna sake fitowa, ko shi ke nan an bar su a daji da kwalin magani?

Dogon Zango ya rubuta:

Suna fitowa, Anti. Zango na 8, kashi na 9, Sacrifices, shi ma Judge ne ya rubuta, kuma Jolene Blalock ta dawo a Ishta duk da a lokacin tana tsakiyar fitowa a T'Pol a Star Trek: Enterprise. Moloc ya gano maɓoyarsu, suka kwaso yara da kaya har da dawakai suka cika sansanin Kolorado, O'Neill na ta ƙunƙuni a lungu. Rya'c kuma ya kawo budurwa daga cikinsu, Kar'yn, ya ce aure zai yi, Teal'c ya haɗe rai kamar hadarin gabas. Rabin kashin abin dariya ne.

Ɗaya rabin kuma naki ne. Ba zan ɓata miki ba, amma akwai inda aka datse Ishta daga ƙofar taurari maganinta ya yanke, za ki ga abin da Neith ta hango da idonki. Sai kuma ki ci gaba zuwa kashi na gaba, Endgame, inda aka saki wata guba mai kashe duk mai tsutsa a ciki, ki ga wa ya rage a tsaye. Ke da Mai Allura kowa zai samu abin kafa hujja.

Kafin ki kai can akwai Heroes a zangon da kike ciki, kashi biyu ne. Tunda kin ce a wurin aiki kike kallo, wannan kam ki bari sai ranar hutunki.

Mai Allura ta rubuta:

Amin 'yar'uwa, na gode. Maganar takardar da ake dangwalawa ta tsaya min a wuya, don mahaifiyata ce ta dangwala tawa ina kwance ban san inda kaina yake ba. Ban taɓa tambayarta me ta ji ba. Bari in kira ta.

Ki ji maganar Dogo a kan Heroes. Kuma ki je ki kwanta haka nan.